Furannin da Malam Tanko Ya Yanko

Ran da Malam Tanko ya dawo daga Samaru da wani dami ɗaure a bayan kekensa, matarsa Sailuba tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa. Bazara ce, cikin watan Maris na 1988, ana irin zafin da ko zaure bai tsira ba. Ta ji ƙarar keken tun kafin a kira azahar, sai ta san ba lafiya ba, don shi mutum ne da ke fita bayan sallar asuba, ba a sake ganin ƙeyarsa a Ƙofar Gayan sai rana ta yi ja.

Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan jeka-ka-dawo. Gadina ne, mai kula da lambun gidan wani Bature malamin jami'a da matarsa. Daga wani ƙauye na wajen Giwa ya shigo Zariya yana saurayi, ya yi dako, ya yi leburancin gini, kafin Allah ya haɗa shi da gidan. Ita kuwa Sailuba 'yar cikin ganuwa ce, daga gidan malamai a Ƙofar Jatau. Aurenta na fari ya mutu ba haihuwa, ta daɗe tana zawarci, shi ya sa danginta suka haƙura suka ba lebura baƙauye, amma ba su taɓa mantawa cewa haƙuri suka yi ba. Sun haifi huɗu, ɗaya ce ta tsaya, Ladi, wadda yanzu take ɗakin mijinta a Ƙofar Doka.

Sailuba ba ta taɓa zuwa inda yake aiki ba, ba ta kuma taɓa tambayar yadda wurin yake ba. A wajenta aikin ba shi da kan gado. Namiji da ƙarfinsa ya wuni yana ban ruwa ga abin da ba a ci, ba a kai shi kasuwa, ba a magani da shi. Takan faɗa masa haka in ranta ya ɓaci, wani lokacin ma ko bai ɓaci ba. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci tuwonsa. Ba mai yawan magana ba ne, kuma a duk shekarun nan ko ganye ɗaya bai taɓa shigowa da shi gidan ba.

Ya jingine keken, ya kwance igiyar, ya sauke damin a hankali. Jiƙaƙƙen buhu ne aka naɗe wani abu a ciki. Da ya buɗe sai ƙamshi ya cika tsakar gidan har ya danne warin kwata. Furen wardi ne, wanda shi yake kira ros, masu dogon kara da ƙaya, jajaye da farare da ruwan ɗorawa, da wasu masu duhun ja kamar zoɓo. Sun kai arba'in.

Ta ajiye rariya ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau. Sai da ya zauna ya sha ruwa sannan ya gaya mata cewa Bature da Madam sun tashi tun shekaranjiya, sun koma ƙasarsu kamar yadda 'yan'uwansu ke ta komawa tun da Naira ta karye. Wata biyu ke nan ya san da maganar, bai faɗa ba, yana sa ran wanda za a ba gidan zai riƙe shi. Yau da safe ya gana da sabon mai gidan. Mutumin kirki ne, ya yi masa magana mai daɗi, amma ya ce ba shi da halin ɗaukar gadina. Madam kuwa kafin ta tafi ta ce masa ya yanki abin da yake so a lambun. Shi ne ya miƙa makullin sito, ya bi gindi-gindi ya yanke duk wanda ya yi fure.

"In an kula da su," in ji shi, "za su yi kwana goma, ko su fi."

"To bayan kwana goman fa, Malam?"

Ya tashi ya ɗauko bokiti ya shiga ɗebo ruwan randa.

Nan ta fara mita. Famfon unguwa ya yi mako uku bai ɗiga ba, rijiyar gidan ta koma taɓo, ruwan da ke randar nan guga-guga ake jawo shi daga gidan maƙwabciyarta Batulu. Ya bar ta tana ta faɗa. Ta koma kan tankaɗenta tana satar kallonsa ta gefen ido. Ta ga ya fiddo sabuwar reza, ya tsoma hannu cikin bokitin yana wani abu da gindin kowane kara. Ta ga yana zage ganye yana zubarwa. Ya roƙe ta sukari ɗan kaɗan da rabin lemun tsami, ta miƙa masa ba ta dube shi ba. Ya tattaro duk kwalaben gidan masu faɗin baki, da wani tsohon jug, da langa guda, ya wanke su tas. Kafin la'asar ya jera furannin a lungun ɗaki kusa da randa, inda ƙasa ke da laima.

Washegari ya tashi da asuba kamar kullum, ya yi salla, ya sa kayan aikinsa, har ya kama keken, sannan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye riƙe da shi kafin ya mayar ya jingine. Ya shiga ɗaki ya sake wa furannin ruwa, ya fita zaure ya zauna. Da ta aika masa koko ya dawo da rabi.

A rana ta uku, yana alwalar azahar, buta ta suɓuce masa. Sailuba ta ji ƙararta daga madafi, ta leƙo ta gan shi kwance a gefe, baki ya karkace, ido a buɗe. Maƙwabta suka ɗauke shi a mota zuwa asibiti a Tudun Wada. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe da shi ba a sani ba. Ɓarin dama ya shanye gaba ɗaya, magana ta ɗauke. Suka kwana biyu a can, aka ba su magani, aka ce su koma gida su ci gaba da jinya, sauran sai abin da Allah ya yi.

Da suka buɗe ɗakin sai wani wari ya tare su. Ruwan kwalaben ya yi kauri ya koma fari-fari, furannin da yawa sun langaɓe, wasu sun zubar da ganyensu a ƙasa. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Bayan mutane sun watse, Sailuba ta tattara kwalaben za ta kai bola. Sai ta ji ya yi wani gurnani daga maƙogwaro, yana bugun tabarma da hannun hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa. Ta ajiye ta kawo masa ruwa, ya kau da kai. Ta gyara masa matashi, ta juya shi, ta kawo fo, duk bai daina ba. Ladi ce ta lura.

"Inna, abin nan yake kallo."

Sailuba ta dubi kwalaben, ta dubi mijinta. Ta mayar da su inda ta ɗauko su, bugun ya tsaya.

Ba ta san abin da za ta yi da su ba. Ta zubar da ruɓaɓɓen ruwan ta zuba sabo, sannan ta fitar da su tsakar gida su sha rana, don a saninta tsiro rana yake so. Kafin ta gama wanke masa jiki ta koma, waɗanda suka rage da ɗan ƙarfi su ma sun sunkuyar da kai. Ta kwaso su da sauri ta dawo ɗaki. Ya dube su, ya dube ta, hawaye ya gangaro daga idon da ba ya rufuwa sosai. Ba ta san ko na ciwon ne ko na furannin ba.

Sai ta jawo bokiti gaban katifarsa ta zauna, ta ce masa ya nuna mata. Ta yi ta ƙoƙarin tuno abin da ta gani ta gefen ido ran nan, tana jin haushin kanta da ba ta duba da kyau ba. Ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa, ya bugi tabarma. Ta tuna da reza, ta nemo ta a alkuki, naɗe cikin takardarta. Ta kama kara za ta yanke a sarari, ya sake bugu, yana nuna bokitin da ido. Ta tsoma hannu cikin ruwan ta yanke a can ciki. Ya ɗaga hannun da ƙyar, ya karkata tafin. Ta gane so yake a yanka a karkace, kamar firar alƙalami. Da ta yi haka bai buga ba.

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaya ta sossoke ta har ruwan bokitin ya ɗan sauya. Ta koyi cewa duk ganyen da zai nutse a ruwa sai an zage shi, don shi ne ke fara ruɓa ya lalata sauran. Ta koyi cewa kwalba sai an cuɗe cikinta da toka da soso, ɗauraya kawai ba ta isa. Sukari ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka ne, da ta ƙara ya buga. Lemun tsami ɗigo uku. Akwai abu guda da ta kasa ganewa, yana ta nuna ƙofa da ido, ta kawo wannan ta kawo wancan, sai da ta shigo da kaskon wuta sannan ya lumshe ido. Gawayi yake so, ɗan ƙarami, a jefa a kowace kwalba. Waɗanda suka riga suka ruɓe ya bar ta ta zubar. Sha tara suka rage.

Bayan la'asar ta shigo da kunu, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Fiye da rabinsu sun ɗago kai. Wani fari da ta ɗauka ya mutu ya miƙe tsaf, har ya ƙara buɗewa. Ta ji dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun ran da ya faɗi. Ta juya kwalbar ta fuskance shi. A ranar ya sha kunun nan har ƙasa.

Daga nan abin ya shiga cikin aikinta na kullum. Da ta idar da sallar asuba sai ta wanke shi, ta sauya shimfiɗa, ta ba shi magani, sannan ta jawo bokiti. Kowace safiya sabon ruwa daga randa, kowane kwana biyu a rage gindin kara kaɗan. In rana ta take sai ta jiƙa tsumma ta rataya a taga, ta yayyafa wa ƙasan lungun ruwa. Tsohon ruwan kwalaben ba ta zubarwa, da shi take wanke kwata. Duk da haka ruwa ya yi wuya, har Ladi ta yi magana, ta ce ga wankin mara lafiya ga girki, ba ta ga dalilin shayar da abin da ya riga ya rabu da gindinsa ba. Sailuba ta ji maganar kamar daga bakinta ta fito. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta dai rage ruwan wankanta.

'Yan dubiya suna ta zuwa. Mata su shigo su zauna, su yi sannu, idonsu ya kai lungun, su dubi juna. Wata ta tambaya ko magani ne. Wata tsohuwa ta ce ita ƙamshin yana sa ta ciwon kai. Ba a jima ba magana ta kai Ƙofar Jatau.

Yayanta Malam Mika'ilu ya zo ran Juma'a bayan an sauko, da gorar rubutu a hannu. Dattijo ne mai almajirai da kwarjini, shi ya tsaya mata a matsayin uba tun rasuwar mahaifinsu, kuma tun tana yarinya ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ya zauna kusa da katifar ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa wa Tanko, ya shafa masa kai. Da zai fita ya kira ta zaure. Cikin sanyin murya ya ce mata abin da ya gani a ɗaki ba ɗabi'armu ba ce. Nasara ne ke jera wa mara lafiya fure, su kuma kai wa mamaci. Mutane na magana, wasu har suna cewa ta fara yi wa mijinta shirin tafiya. Ya ce ta fitar da su, ta turara ɗakin kamar yadda kowa ke yi.

Ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Yaya, in na shiga ba ni yake kallo ba. In Ladi ta shiga ba ita yake kallo ba. Su yake kallo. In na fitar da su, me zai kalla?"

Malam Mika'ilu ya ja carbinsa. Can ya ce a riƙa ba shi rubutun safe da yamma, ya sa takalmansa ya tafi. Bai ce ta bar su ba, bai kuma sake cewa ta fitar ba.

Amma duk kulawar da take yi, kullum sai an rasa. Ruwan ɗorawar ne suka fara tafiya, gefensu ya yi baƙi-baƙi, ka taɓa su zube. Fararen suka bi. Takan jira ya yi barcin rana ta zare matattun, ta haɗa na kwalba biyu a ɗaya don wurin ya yi kamar a cike. In ya farka sai ya bi su da ido a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ta san ƙirgawa yake yi. A kwana na sha ɗaya da yanko su, uku suka rage, duk masu duhun ja.

A safiyar nan ta ce wa Ladi ta zauna da ubanta, ita za ta Samaru. Ladi ta zaro ido, don tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin uwarta ta wuce Tudun Wada ba. Sailuba ta ce ai gindin yana nan, tunda an yanke na farko wasu sun fito. Za ta roƙi masu gidan ko guda biyar ne. Ta sa rezar a bakin zane, ta naɗe jiƙaƙƙen buhu a leda, ta yafa mayafi.

Ta taka har Ƙofar Doka ta shiga bas. Motar ta cika maƙil, ana ta tsayawa ana ɗiba. Suka wuce Tudun Wada, suka haye gada, suka bi ta Kwangila, hanya ta miƙe ba ta da niyyar ƙarewa. Tana zaune a matse tana kallon titin, sai ta shiga lissafin cewa wannan hanyar ce yake bi da keke, zuwa da dawowa, da damina da bazara, da azumi a baki. Ita a ranta Samaru bayan ganuwa take kaɗan.

Ta sha wuya kafin ta sami gidan. Ba ta san sunan Baturen daidai ba, sai da ta ce wa wani mai gadi tana neman gidan da Malam Tanko gadina yake aiki. Nan take ya gane, ya tambaye ta ina Baba Tanko ya shige kwana biyu. Da ta gaya masa ya yi salati, ya raka ta har bakin ƙofa.

Ta shiga ta tsaya. Fili ne babba a gaban gidan da gefensa, an kafce shi kakaf, an ja kunyoyi a jere ana jiran ruwan farko. Can jikin wayar shinge an tara kututtura masu ƙaya, saiwarsu a sama, sun bushe ƙayau. Abin da fartanya ba ta ci ba shi ne wata siririyar hanya da aka jera wa jan bulo a karkace, ɗaya na jingine da ɗaya, ta lanƙwasa ta zagaya filin ta ɓulle wajen famfo. Ko bulo ɗaya bai kauce daga layi ba. A gindin wata bishiya akwai dutse mai faɗi da zama ya goge samansa har yana sheƙi.

Matar gidan ta fito, yarinya ce da goyo a baya. Ta yi mata sannu da zuwa, ta kawo tabarma da ruwa mai sanyi. Da ta ji abin da ya kawo ta sai ta ce wallahi ba su sani ba, da sun bar ko gindi biyu. Satin da ya wuce ne maigidan ya kira masu kaftu. Albashi ba ya kai su ƙarshen wata yanzu, ga yara ga ƙannen miji, ya ga fili mai kyau da taki a kwance, ya ce masara za su sa da ɗan wake. Tana magana tana ba da haƙuri.

Sailuba ta ce mata ba komai, ba su yi laifi ba. Kuma har zuciyarta haka ne. Da ita aka ba gidan nan wata guda da ya wuce, da abin da za ta sa a yi ke nan, da ta ma riga su. Wannan ne ya fi komai yi mata ciwo, ta rasa wanda za ta ji haushi.

Ta tashi ta bi hanyar bulon nan a hankali har ƙarshenta, ta dawo. Ta je wajen kututturan tana juya su ko za ta sami mai sauran rai, ta karya wannan ta karya wancan, duk sun bushe har ciki. Matar ta nuna mata wata fulawa da ta hau waya, mai fure ja kamar takarda, ta ce ta yanki iya son ranta. Sailuba ta yanka, ta naɗe a buhun. Ba ta da ƙamshi ko kaɗan. Kafin bas ta kai ta Ƙofar Doka zafin motar ya dafa ta, da ta buɗe buhun a bakin ganuwa sai tsinke da ɗan abin da ya manne. Ta kakkaɓe a nan ta wuce gida.

A hanya ta shirya abin da za ta ce. Za ta ce ta tarar da gidan a kulle, masu shi sun yi tafiya, za ta koma wani satin. Da ta shiga ɗakin, ya dubi hannunta, ya dubi buhun da ba komai a ciki, sannan ya ɗago ya dube ta sosai, irin kallon da bai yi mata ba tun da ya kwanta. Ƙaryar ta ƙi fitowa. Ta ce wa Ladi ta je ta ɗora ruwa, ta zauna a bakin katifar.

"Sun kafce wurin, Malam. Masara za su shuka."

Ya rufe idon da ke rufuwa.

"Na ga hanyar da ka jera wa bulo. Na bi ta har wajen famfo. Na ga dutsen da kake zama." Ta ajiye buhun a gefe. "Ban san haka wurin yake da nisa ba. Ban san komai ba."

Hannunsa na hagu yana kan tabarma, bai motsa ba. Ta jira ko zai buga, ko zai yi gurnanin nan, bai yi ba. Ta zauna a wurin har aka kira magariba.

Furen ƙarshe ya kai kwana goma sha biyar. Karansa ya gajarce saboda yawan yanka har sai da ta mayar da shi kofin shayi. Da safe ta taɓa kofin za ta ɗauka, ganyen suka zube gaba ɗaya a kan hannunta. Yana kallo. Ta wanke kofin ta kife.

Daga nan cin abincinsa ya ragu. Azumi ya shigo, ruwan farko ya sauka, famfo ya dawo, randa ta cika har ba a san inda za a sa ruwa ba. Wata rana ta shiga gidan Batulu aron turmi, ta tarar bishiyar lallenta ta yi fure, ƙanana farare masu ƙamshi mai ƙarfi. Ta roƙi reshe uku. Ta yi musu duk abin da ta koya, yanka a cikin ruwa, sukari, lemun tsami, gawayi, ta ajiye kusa da kansa. Kwana biyu kawai suke yi, ko me ta yi musu. Ta ga hancinsa ya motsa ran farko, amma bai juyo ya duba ba, kuma ba ta taɓa sanin ko yana so ko haƙuri yake yi da ita ba. Ta ci gaba da kawowa har furen lallen ya ƙare.

Ya yi wata huɗu da 'yan kwanaki a kwance. Bayansa ya yi gyambo duk da juyin da take yi masa, jikin ya zube har takan ɗaga shi ita kaɗai. Bai sake furta kalma ba. Kwana tara bayan babbar salla, da hantsi, ana yayyafi, tana ba shi ruwa a cokali sai ta ga ruwan ya dawo ta gefen baki. Ta kira sunan Allah, ta yi masa kalmar shahada a kunne, ta shafe masa ido, sannan ta leƙa ta katanga ta kira Batulu.

Malam Mika'ilu ne ya yi masa wanka da kansa, shi ya kuma ja sallar. Mutane ba su yi yawa ba, 'yan unguwa ne da 'yan'uwan mamacin biyar da suka iso daga ƙauye bayan an dawo daga maƙabarta. Masu gaisuwa kowa ya ce mutum ne mai haƙuri, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Iyakar abin da aka sani game da shi ke nan.

Ran sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Malam Mika'ilu ya shigo cikin gida ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Ya ce in ta gama takaba za ta koma gida Ƙofar Jatau, an gyara mata ɗakin da innarsu ta zauna. Ta ce to. Ya yunƙura kamar zai tashi, sai ya ce akwai abin da ya gani wajen wanka da yake so ya tambaya. Hannuwan mamacin, tun daga yatsu har gwiwar hannu, duk ƙananan tabo ne farare, wani kan wani, ba su ƙirguwa. Ko ya taɓa ƙonewa ne?

"Ƙaya ce, Yaya," in ji ta.

Ya jinjina kai, ya ce Allah ya jiƙansa, ya tashi. Ba ta gaya masa cewa ita ma sai a wannan jinyar ta lura da su ba.

Ta yi takabarta a ɗakin, wata huɗu da kwana goma. Da ta fita, aka zo da amalanke biyu aka kwashe kayanta, gidan da ma na haya ne, mai shi ya zuba wasu 'yan haya, masu sayar da itace daga wajen Soba.